Ƙaiƙayi, Atishawa da Borin Jini a Shekarun Yankewar Al'ada

Akwai wani koke da ake yawan ji daga bakin matan da suka haura shekara 40: jikina ya sauya mini. Wata ta ce kifin da ta saba ci tun tana yarinya yanzu in ta ci sai fuskarta ta ɗau zafi. Wata ta ce turaren wutar da take sawa kullum a ɗakinta ya koma sa ta atishawa da toshewar hanci. Wata kuma da dare fata ke hana ta barci da ƙaiƙayi, a haska fitila a duba, babu ƙurji ko ɗaya, sai dai tana jin kamar kiyashi na bin ƙafafunta da gadon bayanta. A gida kowa da tasa fassarar. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce shawara ce, in abin ya daɗe sai a fara zancen iska ko jifa. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne shekarun matar, da kuma yadda al'adarta ta fara rikicewa a daidai lokacin da waɗannan abubuwa suka kunno kai.

Bari mu fara daga nan, domin shi ne tushen zancen. Al'ada ba ta yankewa a dare ɗaya. Likitoci ba sa cewa mace ta daina haila sai ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kaiwa wannan matsayi ne tsakanin shekara 45 da 55. Amma kafin a kai can akwai wasu shekaru na sauyi, sau da yawa huɗu ko fiye, wasu matan ma har su kusa goma. Alamar farko ita ce lissafin wata ya fara kaucewa, jinin ya riga lokacinsa ko ya makara da kwana 7 ko fiye. Daga baya sai a fara tsallake wata biyu cur. Mata da yawa a wajen malamai suke fara kai wannan tambaya, saboda batun salla da azumi, tun kafin su yi tunanin zuwa asibiti.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne gidan ƙwan mace ya fara gajiya. Sinadarai biyu ne yake fitarwa da suka fi shafar zancenmu, istirojin da furojestaron. Mutane da yawa suna zaton istirojin yana raguwa ne a hankali har ya ƙare. Ba haka abin yake ba a waɗannan shekaru. Hawa da sauka yake yi ba tsari: wani watan ya haura har ya wuce yadda yake a jikin budurwa, wani watan ya faɗi ƙasa warwas. Shi kuwa furojestaron jiki ba ya samar da shi da yawa sai an saki ƙwai, kuma tunda watannin da ba a sakin ƙwai suna ƙaruwa, shi ne yake fara yin ƙasa. Saboda haka mace takan samu kanta a wasu makonni da istirojin mai yawa ba tare da abokin da ke daidaita shi ba, a wasu makonnin kuma duka biyun sun yi ƙaranci. Kowane hali daga cikin biyun yana da irin tasa fitinar.

To mece ce alaƙar wannan da ƙaiƙayi da atishawa? A cikin fata, da hanci, da hanyoyin numfashi, da bangon hanji, akwai wasu ƙwayoyin tsaro da ake kira mast. Wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ya fara bayyana su a 1878. Kowace ɗaya tana ɗauke da ƙananan jakunkuna cike da sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne histamin, wanda Henry Dale da Patrick Laidlaw suka bayyana aikinsa a Ingila a 1910. Idan ƙwayar ta ji abin da ta ɗauka hatsari ne sai ta zazzage jakunkunan. Histamin ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin, wurin ya kumbura. Ya taɓa jijiyoyin ji, sai ƙaiƙayi. A hanci ya zama yoyo da atishawa, a ƙirji ya zama tari da shesshekar numfashi, a fata ya zama borin jini, a ciki ya zama murɗa da gudawa. Abu ɗaya ne, wurin da ya sauka ne kawai ya bambanta.

Waɗannan ƙwayoyi suna jin istirojin. Binciken ɗakin gwaji ya nuna cewa yana sa su saurin zazzage kayansu, furojestaron kuwa ya fi karkata ga lallashinsu. Akwai shaidar da ake gani da ido ma. A ƙuruciya yara maza sun fi mata fama da asma, amma daga balaga sai abin ya juye, mata su fi yawa. Wasu masu asma suna lura ciwon ya fi tashi gab da zuwan al'ada. Borin jinin da ke wuce mako 6 yana zuwa yana tafiya ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. Ke nan ba abin mamaki ba ne idan lokacin da sinadaran nan suka fi rikicewa ya zama lokacin da jiki ya fi saurin hasala.

A nan ya kamata a bambance abubuwa biyu da ake haɗawa. Akwai aleji na ainihi, wato garkuwar jiki ta ƙulla gaba da wani abu takamaimai, kamar gyaɗa ko ƙwai ko wani magani. Mai irin wannan ko ɗan kaɗan ta ci sai jikinta ya amsa, yawanci cikin mintuna zuwa awa biyu, kuma kusan kowane lokaci. Akwai kuma abin da ya yi kama da aleji amma ba shi ba ne, kuma shi ya fi yawa a shekarun da muke magana. Alamarsa ita ce rashin tabbas: yau an ci miyar daddawa lafiya lau, jibi an ci irinta fuska ta yi ja. Ki ɗauki jiki kamar randa da ake zuba wa ruwa daga wurare da yawa. Ƙurar hunturu ta zuba nata, rashin barci ya zuba, damuwa ta zuba, kifin jiya ya zuba, sauyin sinadarai ya zuba. Ba ta ambaliya sai ta cika, kuma kofin ƙarshe shi ake ɗora wa laifi alhali ba shi kaɗai ya cika ta ba. A waɗannan shekaru randar ta riga ta kusa baki tun kafin a ci komai. Wannan ne ya sa neman abinci guda ɗaya da za a ce shi ne mugu yakan zama wahalar banza.

Wani ɓangaren kuma babu ruwansa da histamin sam. Istirojin shi ke taimaka wa fata ta riƙe ruwa da maiƙo da kauri. An ƙiyasta cewa fatar mace tana rasa kusan kashi 30 cikin 100 na sinadarin kolajin, wanda ke ba ta ƙarfi da laushi, a cikin shekara 5 na farko bayan yankewar al'ada, kuma bushewar takan fara tun kafin nan. Busasshiyar fata tana ƙaiƙayi da kanta, tana kuma barin sabulu da turare su ratsa ta fiye da da. Irin wannan bushewa tana samun ido, sai ya riƙa yaji kamar an watsa yashi. Tana samun hanci. Tana samun gaban mace, kuma nan ne aka fi yin kuskure a wajenmu. Da mace ta ce tana jin ƙaiƙayi ko zafi a gabanta sai a ce ciwon sanyi ne, a haɗa mata ƙwayoyin kashe cuta a kemis, ko a ba ta abin matsi da na tsarki iri-iri. In bushewa ce ta kawo shi, duk waɗannan ƙara ta'azzara shi suke yi. Maganinsa daban ne, akwai man shafawa na musamman mai sa danshi, akwai kuma na istirojin da likita ke rubutawa a sa a wurin.

Shi ma zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, ya jiƙa ta da gumi cikin 'yan mintuna, ana rikita shi da aleji, musamman in ya zo bayan cin abinci mai yaji ko shan shayi mai zafi. Tushensa a ƙwaƙwalwa yake, wurin da ke daidaita ɗumin jiki ne ya zama mai saurin firgita. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi dubban mata shekara da shekaru, ya ba da rahoto a 2015 cewa matan da ke yawan samun wannan zafi sukan yi kimanin shekara 7 suna fama da shi, baƙaƙen fata daga cikinsu kuwa kimanin shekara 10. Bambancinsa da borin jini a fili yake: zafin yana wucewa cikin mintuna kaɗan bai bar tabo ba, borin jini kuwa yana tashi rudu-rudu, yana ƙaiƙayi, yana ɗaukar awanni.

Yanzu sai abin yi, kuma a ganina tsarin da ake bi ya fi kowane magani guda muhimmanci. Matakin farko ba a kicin yake ba. Kafin a ɗora wa shekaru laifi, a tabbatar ba wani ciwo ne ya ɓuya a bayansu ba, domin shekarun nan su ne kuma lokacin da wasu cututtuka ke fara bayyana. Ciwon suga yana sa ƙaiƙayi, musamman a gaba da matsematsi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana sa ƙaiƙayi da kasala da zubar gashi da bugun zuciya, kuma ya zama ruwan dare ga macen da jininta ya koma zuba da yawa. Matsalar ƙwayar tayirod da ke wuya tana kwaikwayon kusan duk alamomin yankewar al'ada, tana kuma tafiya tare da borin jini mai daɗewa. Ciwon hanta da na ƙoda suna sa ƙaiƙayin da ba ƙurji. In wasu a gidan ma suna susa, musamman yara, a duba tsakanin yatsu, wataƙila ƙazuwa ce. Gumin dare da ya haɗu da tari na fiye da mako biyu da rama, a yi gwajin tarin fuka. Yawancin waɗannan gwaje-gwajen babban asibiti na iya yin su.

Idan za ki ga likita, ki tafi da duk magungunan da kike sha a leda, har da na gargajiya. Dalili kuwa shi ne da yawa daga cikin mata suna fara shan maganin hawan jini a waɗannan shekarun. Lisinopril da danginsa suna sa busasshen tari mai naci, wani lokaci kuma su kumbura leɓe ko harshe, kuma wannan kumburi ya fi samun baƙar fata. Amlodipine yana iya sa fuska ta yi zafi, ƙafa ta kumbura. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa da baya, suna tayar da borin jini da asma ga wasu. Tsofaffinmu kuma ba su manta ƙaiƙayin kulorokwin ba. Kada ki daina maganin hawan jini da kanki. Likita yana da wani da zai musanya miki.

Mataki na biyu shi ne abin da ke taɓa fata da abin da ake shaƙa, kuma nan ne aka fi samun sauƙi da wuri. Wanka da ruwa mai zafi sosai, da dirzar jiki da soso mai kaushi, da sabulu mai ƙarfi, da ɗiga ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, duk suna kwashe ɗan maiƙon da ya rage wa fata. A koma ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a taƙaita wankan, a shafa man kaɗe ko basilin tun jiki da sauran danshi, kada a bari ya bushe ƙayau. A lokacin hunturu a shafa safe da dare. Kayan barci su zama na auduga. Mai shafa man bilicin ta sani cewa da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiyarod da ke ƙara sirantar da fatar da shekaru suka riga suka fara sirantarwa.

Akwai kuma batun rini. Shekarun nan su ne na fitowar furfura, kuma yawancin baƙin rinin gashi, da baƙin lallen da ake zane da shi, suna ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD. Shi kam aleji na gaske yake haddasawa, kuma mugun halinsa shi ne mace tana iya yin shekaru tana amfani da shi lafiya kafin jikinta ya juya masa baya. Saɓanin na abinci, ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, a ga goshi da bayan kunne da fatar ido sun kumbura, ko zanen hannu ya tashi ya yi ruwa. In ya taɓa faruwa sau ɗaya, an rabu ke nan har abada. Jan lalle na ganye da ba a haɗa shi da komai ba bai cika yin wannan ba.

Turaren wuta da humra kuwa, na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uwargida ta rage su. Amma hanci da ya bushe ba ya jure hayaƙi, ko da hayaƙin mai daɗin ƙamshi ne. Ba sai an daina ba: a turara ɗaki da kaya a buɗe taga, a shiga bayan hayaƙin ya lafa, a sa humra a tufafi maimakon a wuya. Haka maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya a rufaffen ɗaki. Gidan sauro ya fi su. Haka hayaƙin itace a kicin marar iska, da shara ba a yayyafa ruwa ba. Wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce, yana taimakawa ƙwarai a lokacin ƙura. Maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take kuwa, in an wuce mako guda ana sawa, shi da kansa yake komawa yana toshe hancin.

Sai a mataki na uku ne muke isowa ga abinci. Shi histamin ba a jiki kaɗai ake yin sa ba. Ƙwayoyin bakteriya suna samar da shi a cikin abinci mai gina jiki idan ya daɗe, ko aka bar shi ya yi tsami, ko aka ajiye shi a zafi. Kifi ne kan gaba, musamman irin su titus da sadin da tuna. Kifin da ya narke a kasuwa aka sake daskarar da shi, ko ya wuni a rana a kan tire, yana iya tara histamin da zai sa kowa ma, ba mai shekara 45 kaɗai ba, jan fuska da ciwon kai da gudawa cikin ƙasa da awa guda. Abin lura a nan shi ne wuta ba ta kashe histamin. Suya ko tafasa za su kashe bakteriyar, amma abin da ta riga ta zuba yana nan. Wannan ya shafi miyar nama ko ta kifi da ta kwana biyu ana ɗumamawa saboda ba wutar lantarki. Sauran abubuwan da ake sa wa ido su ne busasshen kifi da banda, da kifin gwangwani, da daddawa, da nonon da ya yi tsami sosai, da tumatir musamman na gwangwani.

A bangon hanji akwai wani sinadari da ake kira DAO, aikinsa rusa histamin ɗin abinci kafin ya shiga jini. Mahaifa tana samar da shi da yawan gaske lokacin goyon ciki, kuma wasu masana suna ganin shi ya sa wasu mata ke samun sauƙin irin waɗannan alamomi idan suna da juna biyu. Giya da wasu magunguna suna rage masa ƙarfi. Sai dai a yi hattara da abin da ake yaɗawa a intanet. Batun cewa wasu mutane ba sa jure histamin ɗin abinci har yanzu likitocin aleji suna muhawara a kansa, kuma babu gwajin jini da ke tabbatar da shi. Haka gwajin nan mai tsada da ake cewa zai jero miki abinci 100 ko 200 da jikinki ba ya so. Ƙungiyoyin likitocin aleji sun yi watsi da shi, domin yawanci abin da kika saba ci kawai yake nunawa.

Hanyar da ta fi inganci ba ta cin ko sisi, sai haƙuri. Ki samu ƙaramin littafi. Kullum ki rubuta abin da kika ci, da yadda kika yi barci, da ranar da jini ya zo, da abin da kika ji a jiki da lokacinsa. Ki yi haka na wata guda ba tare da kin canza komai ba. Sau da yawa littafin kaɗai yana warware zancen: sai ki ga borin jinin yana zuwa ne kwanaki kaɗan kafin al'ada ko mene ne kika ci, ko kuma duk ranar da kika sha maganin ciwon baya. In har zargin ya tsaya a kan abinci, sai ki ajiye nau'o'in abincin da aka lissafa a sama na kwana 10 zuwa 14 kacal, ki riƙa cin sabon dafi. In ba ki ga bambanci ba, abinci ba shi da laifi, ki koma cin abinki. In kin ga sauƙi, sai ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ki bar kwana biyu ko uku tsakani, ki fara da kaɗan. Abin da ake nema shi ne gwargwadon da jikinki ke ɗauka, wataƙila daddawa ƙwaya ɗaya a tukunya ba ta komai, uku ce ke tayar da hankali. Wannan gwaji ba na wadda ta taɓa kumbura leɓe ko numfashinta ya sarƙe bayan cin wani abu ba ne. Ita sai a gaban likita.

Na nace a kan dawo da abincin ne saboda abin da na fi jin tsoro shi ne akasin haka. Mace ta bar nono, ta bar kifi, ta bar ƙwai da wake da gyaɗa, ta koma daga farar shinkafa sai shayi da burodi, a daidai shekarun da ƙashinta ya fara zaizayewa da sauri, tsokarta kuma ta fara raguwa. Ƙaiƙayi yana da ban haushi, amma karayar ƙugu a shekara 70 ta fi shi nesa ba kusa ba. Hukumomin lafiya a Amurka suna ba da shawarar miligiram 1,000 na kalsiyam a rana ga mace har zuwa shekara 50, daga nan kuma 1,200. Kofi ɗaya na madara yana ba da kimanin 300. In kindirmo mai tsami yana damun ki, sabuwar madara da aka tafasa ba ta da wannan matsala. Kuma Allah ya hore mana wasu hanyoyin: kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Kalsiyam ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Macen da ke wuni a ɗaki, in ta fita kuma a lulluɓe, tana iya rasa shi ko da a garin da rana ke ƙuna. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, yana da amfani.

Muddin jini bai yanke ba, buƙatar sinadarin ƙarfe tana nan, miligiram 18 a rana, sai bayan ya yanke take sauka zuwa 8. Nama da hanta da wake da ganye su ne tushensa. Shayi yana hana jiki tsotse shi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa guda, lemo ko gwaiba kuwa ƙara shigarsa suke yi. Kowane cin abinci ya samu wani abu mai gina jiki, ko ƙosai ne, ko alala, ko dafaffen ƙwai, ko awara. Ana yawan cewa waken suya yana rage zafin da ke tasowa saboda yana da sinadarai masu ɗan kama da istirojin. Sakamakon bincike a kan haka ya rarrabu, wasu matan suna jin sauƙi kaɗan, wasu ba sa ji. A ci awara don abinci ce mai kyau mai araha. Gero da dawa da acca da ba a cashe su fes ba sun fi farar fulawa riƙe ciki da daidaita suga. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗanɗanon dunƙule yana cikin lissafin. Barkono da goro da shayi mai kauri ba haramun ba ne ga mai waɗannan shekaru, amma in littafinki ya nuna suna kawo zafi ko hana barci, a rage, musamman bayan la'asar. Mai azumi ta rarraba shan ruwanta daga buɗa-baki zuwa sahur, kada ta tara shi a zama ɗaya.

Barci da motsa jiki ba ƙari ba ne a kan maganin, suna cikinsa. Ƙaiƙayi ya fi tsanani da dare, rashin barci yana ƙara shi, shi kuma yana ƙara hana barci. Damuwa ma tana tayar da ƙwayoyin mast kai tsaye, kuma mace mai shekara 45 a gidan Bahaushe ita ce mai aurar da 'ya'ya, mai jinyar iyaye, mai karɓar jikoki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na abin da ke ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri ta rabin awa bayan asuba, kwana biyar a mako, ta cika lissafin farko. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida, ta riƙa tashi da zama daga kujera, ta ɗaga galan ɗin ruwa. Rage ƙiba yana sauƙaƙa asma da zafin da ke tasowa duka. Taba tana gaggauta yankewar al'ada, tana kuma ƙara zafin.

Game da magani, cetirizine da loratadine suna kwantar da borin jini da atishawa, kuma ba su cika sa barci ba kamar tsohon Piriton. Abin gudu shi ne prednisolone da dexamethasone da ake miƙa wa mutane a kemis ba takardar likita. Suna kashe ƙaiƙayi kamar sihiri, shi ya sa ake komawa, amma shan su na tsawon lokaci yana cinye ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini, abubuwa ukun da mace a waɗannan shekaru ta fi buƙatar kiyayewa. Akwai kuma maganin maye gurbin sinadaran da suka ragu, wanda shi ne ya fi kowane tasiri a kan zafin jiki da gumin dare. Bai dace da kowa ba, likitan mata ne zai auna tarihin lafiyarki ya yanke.

Wasu alamomi ba a jira da su, ba a kuma rubuta su a littafi. Kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, sarƙewar numfashi, ko jiri da faɗuwa bayan cin wani abu, ko shan magani, ko harbin zuma, wannan asibiti ne nan take, allurar adirenalin ce maganinsa, ba ƙwaya ba. Jinin da ya wuce kwana 7, ko yake jiƙa ƙunzugu duk awa, ko yake zuwa bayan saduwa, a je a duba. Duk jinin da ya dawo bayan an yi shekara guda ba a gan shi ba, ko ɗigo ne, sai likita ya gani. Kuma 'yar uwa, rikicewar al'ada ba ta nufin haihuwa ta ƙare: in wata biyu suka wuce ba ki ga jini ba, ki yi gwajin ciki kafin ki sha kowane magani.